Makunnin da Ke Bangon Hannah

A unguwar Rikoto da ke Zuru, in ka tambayi gidan Yari mai injin katako, ba wanda zai wahalar da kansa da kwatance. Za a ce maka ka tsaya ka saurara, inda ka ji ƙugi nan ne. Shekara da shekaru yana juya katako a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da ya manna a bayan gidansa, yana fitar da ƙafafun gado da na tebur, da taɓare, da akussa. Kowa ya san shi. Wadda ba a cika sani ba ita ce matarsa Hannah, alhali ba a taɓa kunna injin nan ko kashe shi ba sai da hannunta.

Gajartar waya ce ta jawo haka. Wani mai walda ne ya harhaɗa wa Yari injin daga tsohon injin niƙa, ya ba shi bel, ya ba shi ƙarfi, ya manta bai ba shi makunni ba. Da aka zo jawo wuta daga cikin gida, waya ta ƙare a bangon madafa. Sai Francis mai gyaran wuta ya kafa makunni a nan, can sama, ya ƙarasa da wata wayar ya zaga da ita bayan gida, ya ce na wucin gadi ne. Wucin gadin nan yana nan har aka aurar da 'yarsu Praise. Yari kan tsaya gaban inji ya ɗaga murya, "Maman Praise, ba ni!" ita kuma ta miƙe ta tura makunni. In ya gama ya ce, "Ɗauke!" Daga bangon madafa ba a ganin cikin shagon sai an zaga kwana. Wanda ke kan makunni ba ya ganin Yari, wanda kuma ke ganin Yari ya yi nisa da makunni.

Hannah 'yar ƙauyen Manga ce, 'yar manoma. Yari ya yi golmo a gonar mahaifinta, wato noman da saurayi kan yi wa surukai kafin a ba shi mata, kuma har yau in sun yi cacar baki yakan ce bayansa bai manta ba. Ita kuma ta ce ciyawar da ya bari a kunya ta fi wadda ya cire. Tana dama kunun zaƙi na sayarwa, tana waƙa a zumuntar mata, gwiwarta ta hagu tana gaya mata zuwan damina tun kafin hadari ya haɗu. Ba ta taɓa riƙe ƙarfen sassaƙa ba, amma ta san aikin mijinta da kunne. In yana fasa ɗanyen katako ƙarar kaf-kaf-kaf ce. In ya fara gyara, ƙarar takan yi laushi tana tafiya daga wannan kai zuwa wancan. In ya ɗaga ƙarfe don ya huta, yakan buga shi sau biyu a jikin inji ya kakkaɓe gari, shi kansa bai san yana yi ba.

Duk wannan ba abin damuwa ba ne sai bazara ta shigo. Wanda bai taɓa shiga ɗakin kwano a Zuru cikin watan Afrilu ba kada ya sa baki a maganar zafi. Kwano na gasa ka daga sama, inji na hura maka nasa daga gaba, garin katako ya manne a ƙirji ya zama kamar ƙullun ƙosai. Fanka ba ta shiga, don takan kwaso gari ta zuba a ido, ta kuma rage wa inji ƙarfi. Jiƙaƙƙen tawul a wuya, wanda kowane mai sana'a a gari ke yi, haramun ne a nan: katako mai juyawa in ya cafki tsumma, da mai tsumman zai tafi. Sai dai Hannah ta sa a jera karan dawa a kan rufi, ta jiƙa buhuna ta wurga sama, ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta ajiye masa ruwan tsamiya da ɗan gishiri a bakin ƙofa. Kafin ta koma kujerarta buhunan sun bushe. Ga shi kuma wutar unguwarsu ta ɗauki wata muguwar ɗabi'a a bazara, ba ta zuwa da sanyin safiya, sai rana ta take tsaka. Da rana ta fara karkata wutar takan rage ƙarfi, inji in yana tafiya ya ci gaba da jan jiki, in kuwa an kashe shi ba zai sake tashi ba sai wata ranar.

Bazarar bara Yari ya faɗi. Jiri ya ɗebe shi a tsaye, ya tafi ta baya, ƙarfen ya yi tsalle ya huda kwano, inji na ta ƙugi a kansa. Hannah tana tace kunu, ba ta ankara ba sai da ta daɗe ba ta ji ƙarar ƙarfe a kan katako ba. A asibiti aka ce hawan jini ne da zafi, aka ce ya daina aikin tsakar rana. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to na Yari bai ji ba. Ya ce su je su gaya wa wutar ta riƙa zuwa da asuba. Tun daga nan Hannah ta jawo kujerarta ƙarƙashin makunni, in inji na tafiya ba ta hira, ba ta kunna rediyo, mai sayen kunu ma da hannu take nuna masa ya ɗiba da kansa.

Bana, da zafi ya fara tsananta, ta yi kuskure. Ta ji ƙarfe ya bar katako, ba ta ji bugun nan biyu ba, ta zabura ta kashe. Ta zaga da gudu ta tarar da shi yana susar baya da gindin ƙarfe, lafiyarsa ƙalau. Inji ya ƙi tashi, wuta ta tafi ta yi kwanakinta, wanda ke jiran ƙafafun gadonsa ya zo ya faɗi abin da ya faɗa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Yari bai yi fushi da wuta ba, bai yi da rana ba.

"Maman Praise," ya ce, "ni dattijon ikilisiya ne, ba ni rantsuwa. Amma ki ji da kyau. Ranar da kika ƙara kashe mini wanga inji ban ce ki ɗauke ba, Francis zan kira ya mai da makunnin ciki, gaban hannuna. Na gaji da a mai da ni jinjiri."

"In ka faɗi fa, wa zai kashe?"

"Ba ni faɗuwa."

Ta san mijinta. In ya ce i, to i ɗin ce. Abin da ya rage mata ke nan: kashewa ɗaya, kuma dole ta zama ta gaskiya. In ta yi gaggawa, makunni ya bar bangonta, ranar da zai faɗi ba mai tsayar da inji. In ta yi jinkiri, makunnin na nan amma ba amfaninsa. Gaba kura, baya siyaki.

Ana cikin haka makon Ista ya kama. Ikilisiyar Manga, inda aka yi wa Hannah baftisma, ta kawo masa katakon maɗaci ya yi wa sabon teburin Jibin Ubangiji ƙafafu huɗu masu kauri. Katakon daidai ƙafa huɗun ne, ba rara. Uku sun kammala suna jingine a bango. Ranar Alhamis za a ɗora ta ƙarshe a kan inji, washegari a zo a ɗauka.

Ranar ta tashi da wani irin zafi marar iska. Kaji sun buɗe baki sun kwanta a gindin randa. Yari ya ƙi cin komai da safe, ya ce ciki in ya cika yana kawo kasala. Da wuta ta zo ya cire riga, ya shige.

"Maman Praise, ba ni!"

Ta tura makunni, ta zauna. Kaf-kaf-kaf ta fara, inji na nishi don nauyin maɗaci. Can ƙarar ta yi laushi ta kama tafiya, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Ya ɗaga, ta ji bugu biyu, ta sauke numfashi. Gumi na bin bayanta har cikin zane, amma ba ta ɗauki mafici ba, don kaɗa shi na hana ta ji. Ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar kofi a bakin ƙofa, alamar ya sha ruwan tsamiya. Ba ta ji ba. Ta so ta ƙwala masa kira, ta tuna cewa mai riƙe da ƙarfe a kan katako ba a firgita shi.

Ya ɗaga kuma. Shiru. Hannunta ya tashi da kansa, ta kama shi da ɗayan ta mayar kan cinya. Tana ƙirga numfashinta tana roƙon Allah a zuci. Sai ga bugu, guda ɗaya, marar ƙarfi. Ɗaya ne ko kunnenta ne ya ci ɗayan? Ƙarfe ya koma kan katako. Ta ji haushinsa ya cika ta, haushin tsoho mai taurin kai da zai sa mace ta tsufa a ƙarƙashin makunni.

Daga nan ƙarar ta canza. Ba ta tsaya ba, abin da ya rikita Hannah ke nan. Ƙarfe na cin katako, amma ba ya tafiya. Wuri ɗaya yake ci, ƙarar na ƙara zurfi, inji na ƙara nishi. Mai yiwuwa wuyan ƙafar yake fitarwa, ai akwai inda ake daɗewa. Ta tuno sauran ukun da ke jingine a bango, ta bi su da idon zuci daga sama har ƙasa. Ba inda ya taɓa daɗewa haka. Wannan ba hannu ne ke tura ƙarfe ba, nauyin mutum ne ya kwanta a kansa. In kuma ba haka ba ne fa? In ta zaga ta tarar da shi garau, shi ke nan, ta yi kashewarta ta ƙarshe.

Ta yunƙura, gwiwa ta riƙe ta. Ta dafa bango, ta miƙe, ta kai hannu sama ta ja makunni.

Ƙugi ya mutu a hankali. Ta zaga kwanar tana ɗingishi. Zafin shagon ya mare ta tun daga ƙofa. Yari na tsaye, ya dafa jikin inji da hannu biyu, kansa a sunkuye, ƙarfen na ƙasa kusa da ƙafarsa. A tsakiyar ƙafar teburin akwai wani rami mai zurfi da ya zagaye ta kamar awarwaro, gefensa ya yi baƙi yana ɗan hayaƙi. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ƙirjinsa. Garin katako a bushe yake a kai, ba ɗigon gumi ko ɗaya.

Ya ɗago da kyar, idanu jajur, ya dube ta kamar yana neman sunanta.

"Wa ya ce ki ɗauke?"

Ta nuna ramin da baki.

"Wanga ai ado ne na yi mata," ya ce.

Ba ta ce masa sauran ukun ba su da wannan adon ba. Ta sa kafaɗa ta fito da shi gindin dogonyaro, ta kwantar da shi a tabarma, ta juye masa rabin randa a ka da ƙirji, ta riƙe masa kofi har ya shanye. Da numfashinsa ya daidaita, maganarsa ta farko ita ce, "Aika a kira mini Francis."

Hannah ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta kurma ihu. Ta cece shi, kuma ya san ta cece shi, amma girman kai ba zai bar shi ya janye magana ba. Ta aika. Me za ta yi? Ta koma ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke.

Da la'asar sakaliya Francis ya iso da jakar kayan aikinsa, ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba, an ce makunni za a ɗauke. Ina za a mai da shi?"

Yari ya miƙe a hankali, ya ƙi a riƙe shi. Ya nufi bayan gida, Hannah ta sunkuyar da kai don kada ta ga ya sha kwanar. Sai ta ji takunsa ya tsaya. Yana gaban bangon madafa, ya ɗora yatsa a jikin bangon can ƙasa, daidai gefen kujerarta.

"Nan. Sauko da shi nan, inda hannunta ke kaiwa tana zaune."

Francis ya dubi Yari, ya dubi Hannah. "Ba ciki ba, Baba?"

"Mi zan yi da shi ciki?" Yari bai kalli kowa ba, bangon yake kallo. "Gwiwarta ta tsufa. Yau ta daɗe kahin ta kai."

Hannah ta taso. Ta zo ta zauna a kujerar, hawaye na zuba, ta miƙa hannu ta gwada wurin da ya nuna.

"Francis," ta ce, "ƙara ƙasa kaɗan."