Majanyin Inna

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mini ƙullin gidajen ɗinki daga Sabuwa ba, na kwance shi a kan teburin yanka, na ɗora tef, na ga awo bai cika ba. Tunda yau yaye ku muke yi, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don wataran irin aikin zai zo shagunanku.

Lokacin ina tsohon shagona na bakin kasuwar Ƙanƙara, ana cikin kaka, an fara yankan dawa. Wata mata daga Mairuwa ta shigo, Hajiya Hassu, ta zauna ta buɗe jaka ta fito da zannuwan atamfa tsofaffi, sun sha wanki har sun yi laushi kamar auduga. Na mahaifiyarsu ne. Ta rasu autarsu Fiddausi tana nono, aka raba tufafinta, Hajiya Hassu da ƙanwarta Sa'ade suka adana nasu kason a ƙasan akwati. Yanzu ga auta ta gama makaranta za ta yi aure, kuma ba ta san ko fuskar uwarta ba, don hoto ma babu. Shi ne suke so a yi mata shimfiɗar gado ta haɗe-haɗe da zannuwan.

Ta ce, "Malama Rakiya, sharaɗi ɗaya ne. Kada ƙyallen kasuwa ya shiga. Abin da ya taɓa jikin Inna kaɗai muke so."

Na ce to. Na auna zannuwan, na cire inda suka ƙoƙe da inda asu ya ci, na ga abin da ya rage zai isa, amma daƙyar. Na gaya mata gaskiya, na ce Hajiya, in aka ɓata ko tafin hannu, babu na maye gurbi.

Ga waɗanda ba su taɓa aikin ba, ga yadda yake. Ana yanka yadi ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, duka awo ɗaya. A haɗa guda tara, uku a jere sau uku, wannan shi muke kira gida. In gidaje sun cika sai a haɗa su layi-layi su zama shimfiɗa. Sirrin duka yana bakin ɗinki, wato ɗan abin da kike bari tsakanin zare da gefen yadi. Kwatan inci ne, ba ƙari ba ragi. A riga in kin ƙara kaɗan ba wanda zai sani. A haɗe-haɗe kuwa kowane ɗinki yana cin nasa, har gida ya tsuke, ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa.

To Sa'ade ita ma tela ce a Sabuwa, kuma gwana ce, rigunan amare take yi. Ta bugo waya ta ce ai ba zai yiwu a yi wa auta abu da kayan Inna hannunta bai shiga ba. Ni a raina ban so ba, don na san mutum biyu ba sa riƙe allura ɗaya, amma wa zai hana ɗiya taɓa zanen uwarta? Na yanka duka da hannuna, na raba biyu, na ɗinka gida ɗaya na misali, na yanki kwali na ja layin kwatan inci a jiki, na haɗa mata duka na ba direba.

Biki saura mako guda ƙullinta ya iso. Ɗinki kam tsaf, an goge, ba zare ko ɗaya a waje. Na ɗora nata a kan nawa, sai ga nawa ya leƙo ta kowane gefe. Na auna. Inci guda cur kowane gida nata ya rage. Na juya bayansa, sai ga baki rabin inci, kuma ta bi shi da ɗinki sau biyu, ƙanana-ƙanana kamar tsaba.

Na kira ta, kuma kun san bakina. Na ce, "Sa'ade, don Allah kwalin da na aiko miki wuta kika hura da shi?"

Ta ce, "Haba Anti, mi ya yi zafi? Na ga kwalin. Amma yadin ya tsufa, na ji tsoro ya zare, shi ne na ɗan ƙara baki. Ai haka muke yi wa riga."

Na ce, "Riga ana barin baki don in mai ita ta yi ƙiba a buɗe. Gado kika taɓa ganin ya yi ƙiba?"

Sai na ji tana shessheƙa, ni kuma na sassauta murya, don ba ganganci ta yi ba, tattali ne ya yi yawa.

Na gwada farke gida ɗaya a hankali da tsinin reza. Ina! Zaren ya fi yadin ƙarfi, ina ja atamfar tana bin sa, ramukan allura suka haɗe suka zama yaga. Na tsaya nan take. In kuma na ce in rage nawa gidajen su yi daidai da nata, ƙyallayen gefe za su fi na tsakiya ƙanƙanta, layuka su karkace, shimfiɗar kuma ta kasa rufe katifa. Hanya ɗaya ta rage, a zagaye gidajen Sa'ade da siririn yadi ya cike incin da ya ɓata. Yadin kuma babu. Abin da ya saura na zannuwan bai fi a share bakin keke da shi ba.

Washegari su biyun suka zo, Sa'ade ido ya kumbura. Na shimfiɗa gidajen a tabarma, na nuna musu. Na ce ko dai ku yarda in sa yadin kasuwa, ko a yi ƙaramin abu na matashi da nawa rabin, na Sa'ade a ajiye.

Sa'ade ta ce, "Yaya, a sa na kasuwar kawai, laifina ne."

Hajiya Hassu ta ce, "A'a."

Ta daɗe tana kallon tabarma. Can ta ce a jira ta, ta fita ta nufi tasha. Muka zauna da Sa'ade kamar masu zaman makoki, na ba ta fura ta ƙi sha. Bayan la'asar sai ga Hajiya ta dawo daga Mairuwa da baƙar leda a hammata. Ta zauna, ta buɗe, ta fito da majanyi shuɗi na auduga, mai kauri, saƙarsa a matse, tsakiyarsa ta koɗe.

Sa'ade ta zaro ido. "Yaya! Majanyin Inna? Ai cewa aka yi ya ɓata."

Ta ce, "Bai ɓata ba. Ranar da aka fita da Inna, auta tana ta tsala ihu, ba mai iya rarrashinta. Na ɗauko shi a kan igiya na goya ta, ta ji ƙamshin ta yi barci. Da shi na goya ta har ta yi ƙafa. Da aka zo rabo na ɓoye, ban iya bayarwa ba."

Na karɓa na duba shi a haske, na ja shi tsaye da kwance. Ƙalau yake, kuma zai isa har da saura. Amma na ce mata, "Hajiya, ki yi tunani. Sirara zan yanka shi, inci-inci. In almakashi ya shiga, ba sauran majanyi."

Ta ce, "Ja mini layin."

Na ɗauko alli na ja. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta almakashin. Ta yi bisimilla, ta yanka layin farko da kanta har ƙarshe, sannan ta miƙo mini ta koma bakin ƙofa ta juya mana baya. Wallahi sai da na share ido kafin na ga layi na biyu.

Sauran aiki ne kawai. Na zaunar da Sa'ade a keken kusa da ni, na manna mata alama a jikin farantin keke daidai kwatan inci, na ce in allura ta wuce nan ni da ke ne. Ita ta zagaye gidajenta da shuɗin, ina auna kowanne yana fitowa. Wajen haɗawa na riƙa sa nawa ɗaya, nata ɗaya, mai zobe yana bin mara zobe, sai abin ya fito kamar da gangan aka tsara shi. Kusurwoyi suka haɗu, shimfiɗa ta kwanta lif ba tudu. Muka sa mata shafi, aka kai ta ranar jere.

Abin da nake so ku riƙe guda biyu ne. In aiki zai bi keke biyu, kowa ta ɗinka gida ɗaya tukuna, a ɗora a kan juna a gani, ko da uwarki ce ke ɗaya keken. Na biyu, in an kawo muku tsohon yadi, ku tambayi na wane ne kafin ku ɗauki almakashi, don mai shi ba ya da inda zai sayo wani.

Ni ban je jeren ba, Sa'ade ce ta ba ni labari. Ta ce auta ta bi gidajen da hannu, ana gaya mata wannan na sallah ne, wancan na zuwa unguwa. Da ta zo kan shuɗin sai ta tsaya, ta kai shi hanci, ta ɗago ta dubi Hajiya Hassu ta ce, "Wannan ai na san shi, Yaya. Ƙamshinki ne."