Malam Waliyyu Alelu da Takardar da Ta Tafi Aleiro

Idan akawu ya bi ƙa'ida, kwamiti ya bi ƙa'ida, kotu ta bi ƙa'ida, amma duk da haka aka zalunci mutum har ya koma ga Mahaliccinsa, a wuyan wa alhakin yake? Ba a samu wanda ya warware wannan mas'ala ba, sai dai ga tarihin mutumin da ta faɗa wa.

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Waliyyu a shekarar 1961 a ƙauyen Alelu ta ƙasar Jega. Mahaifinsa Malam Sadiƙ manomin gero da albasa ne, sunan mahaifiyarsa Gudiya. Ya sauke Alƙur'ani a hannun baffansa, ya yi firamare a Jega daga 1968 zuwa 1974, sannan ya samu horo a makarantar koyon aikin gona. Kamar yadda aka saba, a makaranta aka liƙa masa sunan garinsu, ya zama Waliyyu Alelu a kowace takarda.

Aiki da Iyali

A 1980 aka ɗauke shi malamin gona a wata hukuma ta gwamnati. Ya auri Hajiya Kulsum, 'yar Jega, a 1984, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi aka mayar da shi yankin Maiyama a 1992, inda ya fi zama a Liba tare da masu noman rani, ba ya leƙa ofis sai da dalili. Babban amininsa a wurin aiki shi ne Ɗanasabe, akawun da ke buga takardun hukumar, wanda ba ya zuwa kasuwar Jega bai ci tuwo a gidansa ba.

Kora

A watan Maris na 2003 masu duba kaya suka nemi wani injin ban-ruwa a ma'ajiyar Liba suka rasa. Aka umarci Ɗanasabe ya buga wa Waliyyu takardar tuhuma, mai neman amsa cikin kwana bakwai. Ya dubi rubutun hannun shugabansa, inda aka rubuta Alelu, shi kuwa ya buga Aleiro, masinja kuma ya kai takardar ofishin Aleiro, inda babu wanda ya san mai sunan, aka jefa ta cikin durowa. A watan Afrilu kwamiti ya zauna, ya rubuta cewa Waliyyu ya ƙi amsa tuhuma, aka kore shi. Takardar korar ma Aleiro ta bi 'yar'uwarta.

Wata huɗu cur ya yi yana zagaya gonaki a kan babur, yana aikin da an riga an raba shi da shi, domin jinkirin albashi ba baƙon abu ba ne a lokacin. Sai a watan Agusta ya shiga ofis ya tarar da wani a kujerarsa. Injin kuwa yana wurin makaniki a Jega, takardar kai shi gyara tana aljihun Waliyyu. Da ya nuna ta, aka ce masa ai ba don inji aka kore shi ba, don ƙin amsawa ne. Waɗanda ke wurin sun ce bai ɗaga murya ba, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Mi nic ƙi? Wa yat tambaye ni?"

Shari'a

Ya shigar da ƙara a watan Oktoba na shekarar. Ya roƙi Ɗanasabe ya yi rantsuwa cewa kuskuren bugu ne, Ɗanasabe ya ce shi mai iyali ne, ba zai sa wuyansa a igiya ba. A 2004 kotu ta kori ƙarar ba tare da ta buɗe fayil ba, bisa dokar da ta ce duk mai ƙarar jami'in gwamnati ya zo cikin wata uku. Aka ƙirga masa wata ukun daga ranar takardar da bai taɓa gani ba. Wannan ne karo na biyu da aka yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba, kuma a gidan da aka gina don sauraro.

Neman Ilimi

Ya koma noman albasa, amma daga 2005 ya duƙufa ga karatun dokar gudanar da mulki, wato sashen shari'a da ke iyakance ikon hukumomi a kan talaka. Ba shi da malami sai tsofaffin littattafan da yake saye a Sakkwato, da ƙamus. Hajiya Kulsum takan yi masa tsiya cewa ya zama lauyan da ba shi da riga. A hankali jama'a suka riƙa kawo masa takardunsu: malaman makaranta da aka dakatar shekara da shekaru, da manoman da aka karɓe wa fadama ba sanarwa. Yana rubuta musu koke ba ya karɓar komai, yana kuma ajiye kwafi. Zuwa 2018 ya tara fayil ɗari uku da goma sha ɗaya daga Jega, Aleiro da Maiyama.

Masana

A wannan shekara ne Dakta Munir, malamin shari'a a wata jami'a, ya zo yana bincike kan haƙƙin a saurari mutum kafin hukuma ta yanke masa hukunci. Mako uku ya yi a zauren Malam Waliyyu yana ɗaukar hoton fayiloli. A 2021 ya buga maƙala a wata mujallar masana, inda ya kafa hujja cewa ya kamata a ƙirga wata ukun daga ranar da mutum ya samu labari. Maƙalar ta yi suna, ɗalibai suna ambatonta a kundayen digirinsu. Misali na farko a cikinta shi ne na "wani malamin gona, mutumin Aleiro", domin Dakta ya kwafo daga takardar hukuma, bai tambayi mutumin da ya shimfiɗa masa tabarma ba.

Sau uku Malam Waliyyu ya rubuta yana neman gyara, aka amsa masa cewa mujalla ba ta gyara sai da hujja, hujja kuma ita ce takardar hukuma. A 2023 aka yi taron masana kan maƙalar, ya hau mota ya je, ya zauna a layin baya, ya ɗaga hannu. Shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure, kuma magana ta waɗanda suka gabatar da takarda ce. Yini biyu aka yi ana muhawara kan wajabcin sauraro, mai abin yana zaune.

Amfani ɗaya da taron ya yi shi ne hukumar ta yarda za ta sake duba fayil ɗin, muddin wanda ya buga takardar ya rantse. Malam Waliyyu ya tafi Maiyama wurin Ɗanasabe da kansa. Ɗanasabe ya yi ritaya, babu aikin da za a kore shi daga gare shi, amma ya ce shekara ashirin ta wuce, a bar wa Allah. Malam Waliyyu ya ce masa ba kujera yake nema ba, kalma uku yake so a goge daga fayil ɗinsa, wato "ya ƙi amsa", kafin jikokinsa su iya karatu.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, a gidansa da ke Jega, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara sittin da uku. An yi masa sutura a maƙabartar Alelu kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hajiya Kulsum da 'ya'ya biyar: Yusufu, Zaituna, Abdulhakim, Bushira da Haidar, da jikoki tara. Allah ya jiƙansa.

Ranar addu'ar uku Ɗanasabe ya zo, ya kasa shiga cikin mutane. Da aka watse ya matso kusa da Yusufu ya ce, "Ɗana, ni nib buga Aleiro. Tashi ka kai ni." Yusufu ya tayar da babur. A ofishin rantsuwa na kotu magatakarda ya miƙo takarda, Ɗanasabe ya ce a ba shi biro, shi zai rubuta sunan garin da hannunsa.