Baba Obadiya da Makunnin da Na Kashe

Gari bai gama wayewa ba Baba Obadiya Rufus yake jingine kekensa a gindin mangwaron da ke bayan gidan rediyon da nake aiki a nan Jalingo. Ba ya bi ta ƙofar gaba. Yakan zagaya ta baya, ya buɗe wani ɗaki marar taga da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba, ya sauya riga, ya kunna injin, sannan ya tsaya tsit yana saurare. A ɗakin nan ne babbar na'urar sanyaya iska take. Wata ƙatuwar fanka ce a cikinta take tura iska ta bututun kwano da ke cikin silin, ta kai situdiyo biyu da ɗakin na'urorin watsa shiri. Situdiyo ba ta da taga. In injin nan ya tsaya da bazara, mutum ba ya minti goma bai jiƙe ba, na'urorin kuma su ɗau zafi.

In ya gama saurare sai ya ɗora bayan hannunsa a kan boris ɗin fankar ya ji ko ya yi ɗumi, ya danna fanbel, robar da ke juya fankar, da babban yatsa, ya durƙusa ya ga ko ruwan da injin ke zubarwa yana fita yadda ya kamata. Duk Litinin yakan zare filta, ya sa wasu, ya kai masu dattin bakin famfo ya wanke ya shanya. Haka yake yi tun da aka turo shi daga Yola a shekarar da aka ba mu jiha, kuma haka ya yi shekara ashirin da takwas a can kafin ya zo. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ukasha, mai ɗaukar murya a situdiyo, shi ya fi kowa sanin aikinsa. Ya ba ni labarin ranar da fanbel ya tsinke ana saura awa biyu a karanta labaran rana, aka duba sito babu wani. Baba ya hau keke ya tafi unguwar Majidaɗi wurin wani mai injin niƙa, ya roƙe shi aron nasa, ya zo ya gyara zaman moton har ya dace. Aka karanta labarai cikin sanyi, masu niƙa kuma suka jira har la'asar. Akwai kuma lokacin da Caroline, mai karanta labaran Turanci, ta riƙa tari duk sanda ta shiga situdiyo ta biyu. Mu mun ce asma ce ta tashi. Shi kuwa ya tare ta a baranda ya tambaye ta ko a gida ma tana yi. Ta ce a'a. Ya ɗauko tsani da tocila ya kutsa cikin bututun da rarrafe, mutum mai shekara hamsin da wani abu, ya tarar ruwa ya kwanta a wani lungu har ya yi baƙar gansakuka. Kwana biyu yana gogewa. Tarin Caroline ya tafi, kuma ban ji wanda ya ce masa sannu a taron ma'aikata ba.

Da zan tsaya a nan da na huta. Amma ni ba ni da bakin yi wa wannan bawan Allah jinjina sai na fara faɗin abin da na yi masa.

A watan Maris na 1993 ina da wata shida da fara aiki, ba a ma tabbatar da ni ba. Na sha wahala kafin na shawo kan wata tsohuwa Bafulatana mai suna Umma ta zo daga rugarsu ta rera mana waƙoƙin da mata ke yi in suna kaɗa nono. Muryarta siririya ce, ba ta da ƙarfi. Da muka fara, sai gurnanin iskar da ke fitowa daga silin ya riƙa danne ta.

Ukasha ya cire abin kunnensa ya ce, "Malama, sai dai a kira Baba. Shi ya san yadda ake rage iskar ɗakin nan."

Na fita nemansa. Na ga filta a jiƙe a bakin famfo, shi babu. Ashe manaja ne ya aiko da mota aka ɗauke shi da gaggawa ya je ya duba masa na'urar sanyaya ɗaki ta gidansa. Ƙofar ɗakin inji a buɗe take. A bango, kusa da wani babban makunni, ya rubuta da jan fenti cewa kada kowa ya taɓa. Na karanta sarai. Na tuna tsohuwar da ke ta cewa rana na yi, za ta koma. Na kama makunnin da hannu biyu na ja shi ƙasa. Ɗakin ya yi tsit.

Na koma na ce wa Ukasha, "An gyara." Muka ɗauki waƙa bakwai, murya tangaram, muna zufa muna murna. Na raka Umma tasha, na tsaya na sa ta a mota. Wallahi makunnin bai sake faɗo mini a rai ba sai da na dawo na hangi mutane cirko-cirko a tsakar gida. Ban san injin da ke sanyaya situdiyo shi ne ke sanyaya ɗakin na'urori ba. Mai kula da ɗakin ya fita cin abinci, zafi ya taru, wani ɓangare na na'urar watsa shiri ya ƙone. Kwana shida gidan rediyonmu bai yi magana ba.

Aka kafa kwamiti. Ina zaune a benci a waje, ƙofa ba a rufe sosai ba, na ji ana tambayar Baba.

"Kai ka kashe injin?"

"Ban kashe ba, ranka ya daɗe. Amma ƙofa, ni ne ban kulle ba. Direba yana ta hon, na fita da sauri."

"To wa ya kashe?"

Ya ce, "Ban gani da idona ba."

Da aka kira ni, aka ce Ukasha ya faɗa cewa ni na fita neman Obadiya. Na ce, "Na fita nemansa ban gan shi ba. Da na dawo na tarar ƙarar ta ɗauke." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma ban taɓa yin ƙarya mai muni irin wannan ba. Suka ce na gode, je ki.

Aka dakatar da Baba wata uku, aka sa takardar tuhuma a fayil ɗinsa. Daga ranar har yau bai sake samun ƙarin girma ba. Ni kuwa aka tabbatar da ni. Shirin Umma ya karɓu, masu sauraro suka yi ta aiko da wasiƙu a maimaita, manaja ya yabe ni a gaban jama'a. Duk sanda aka saka shi sai in tashi in bar kusa da rediyo.

Da ya dawo aiki, abin da ya fara yi shi ne ya nemo soso irin na katifa da ragar waya, ya shafe mako biyu yana shimfiɗa su a cikin bututun da ke shiga situdiyo, har gurnanin nan ya ɓace gaba ɗaya. Ba wanda ya sa shi. Ukasha ya tambaye shi dalili, ya ce, "Wanda ya kashe, ƙara ne ya dame shi. In babu ƙara, ba zai sake ba." Ukasha ya kawo mini maganar yana dariya, yana mamakin halin tsohon. Ni na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Shekara biyar ke nan. Kullum muka haɗu shi ke fara gaishe ni. Na koyi sauya hanya in na hango shuɗiyar rigarsa. Da Sallah nakan aika masa da abinci, in ce wa raina na rage wani abu.

Watan jiya sunansa ya fito cikin masu ritaya. Da yake yanzu ni ce shugabar sashen shirye-shirye, aka ce ni zan rubuta jawabin ban kwana. Aka kawo mini fayil ɗinsa. Ina buɗewa, takardar nan ce a sama, ta yi ja don tsufa, an rubuta sakaci da aiki an ja layi a ƙarƙashi. Na rufe. Ranar Asabar da la'asar na tambayi gidansa a unguwar Yelwa.

Na same shi a tsakar gida yana kwance wata tsohuwar fanka ta maƙwabta. Matarsa, Mama Godiya, tana feraye doya. Na gaishe su, na ƙi zama a kujerar da ya miƙo, na durƙusa. Na ce, "Baba, ni na kashe injin nan."

Bai ajiye sukudireban hannunsa ba. Ya amsa da Hausarsa da ba ta raba ka da ki, ya ce, "Na sani, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Da na dawo na shiga ɗakin, turarenka yana ciki. Iska ya tsaya, shi ya sa bai tafi ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Me ya hana ka faɗa musu?"

"Turare ba shaida ba ne. Kuma ke sabuwa ce, da sun kore ka. Ni na daɗe, na san dakatarwa ce kawai." Ya juya fankar, ya hura wani wuri. "Na ce za ta zo da kanta. Na jira shekara ɗaya. Bayan haka na daina jira."

Mama Godiya ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ashe ke ce. Ke ce mai aiko da shinkafa." Ta nuna kujerar da na ƙi zama a kai. "Wata uku yana zaune a nan. Ko coci ba ya zuwa don kunya. A kasuwa ana nuna ni, ana cewa ga matar wanda ya ƙona rediyo. Bai taɓa faɗa mini suna ba, na tambaya har na gaji."

Baba ya ce, "Godiya, ya isa. Ta zo."

Ta ce, "Kai ka yafe, wannan naka ne. Ni sai na yi addu'a tukuna." Ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta fito da ruwa a kofi ta ajiye a gabana, ba ta dube ni ba. Na sha, don na ga ba ni da ikon ƙi.

Ranar Litinin na rubuta wa hukumar gidan rediyo takarda, na faɗi komai yadda ya faru. An ba ni tawa takardar tuhumar, ta shiga fayil ɗina, kuma can ne wurinta tun farko. An cire tasa, an rubuta masa cewa an wanke shi. Ƙarin girman da ya wuce shi kuwa, sun ce lokaci ya ƙure, ba yadda za a yi. A matakin da na tsayar da shi zai tafi gida. Wannan ba zan iya gyarawa ba, kuma ba zan yi kamar na gyara ba.

Baba Obadiya, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba, ka je gida da shi, ka dawo ka ci gaba da shafa wa injin giris kamar ba a yi maka komai ba. Kai ne ka san wadda ta cuce ka, maimakon ka tona ta sai ka shiga bututu ka gyara abin da ya dame ta. Obadiya na Godiya, mai kunnen inji. Muryoyinmu ne jama'a suka sani daga unguwar Sarkin Dawaki har ƙauyukan bayan dutse, amma duk wanda ya taɓa zama a gaban makirufo a gidan nan, iskar da ka wanke ya shaƙa.

Na nemi izininsa kafin in buga wannan. Ya ce in buga, amma in ƙara da cewa wanda zai gaje shi ya riƙa wanke filta duk mako, kada ya jira sai sun toshe. To, na faɗa.

Ga matasa masu koyon wannan sana'a, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfi, ku ga yadda ake riƙe aiki ko babu mai kallo. Ga irina kuma, mu da ke zaune a ofis cikin sanyi, kowa ya duba ko akwai wani a bayan gini da ke ɗauke da laifinsa. In akwai, ya tashi ya je yau, tun ana jiransa.

Na gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ka jira ni shekara ɗaya, na zo bayan biyar, kuma duk da haka ka miƙo mini kujera.

Bara'atu Aƙilu, Jalingo, 1998