Inda Bappa Yake Ɗauke Hannu

Ranar Asabar wasu samari suka haska tsohon fim ɗin barkwanci a Nassarawo, irin wanda ba a magana a cikinsa, wani yana raka shi da fiyano. Mai sanarwa ya ce wai ba a taɓa yin haka a Mubi ba. Ba a taɓa ba? Sai da na miƙe tsaye don haushi.

Marigayi Bappa, ƙanin mahaifina, ya daɗe yana wannan aikin a ɗakin ajiyar gyaɗa a Bahuli, nan ƙasar Mubi. A toshe tagogi da buhuna, a rataya farin zane, a haska fim a kansa, ɗakin ya ɗauki warin zufa da ɓawon gyaɗa, shi kuwa yana gefe da kalangu a hammata. Ɗan wasan ya ruga, kalangu ya ruga. Ya yi sanɗa, kalangu ya yi sanɗa. Amma da ya kusa faɗawa rami, sai Bappa ya ɗauke hannu cak. Ɗaki ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke.

Na taɓa tambayarsa, "Bappa, gajiya ce?"

Ya harare ni. "Nan wurin jama'a ne. In na buga, ina za su sa dariyarsu?"

Mai fiyanon Asabar ko sau ɗaya bai ɗaga yatsa ba. Ɗan wasan ya faɗa rami, ba wanda ya ji dariyar na kusa da shi, kuma har aka tafa wa mai fiyanon!

Allah ya haskaka kabarinka, Bappa. Su kuwa, Allah ya koya musu ɗauke hannu.