Lemon da ke Cikin Duro

A duk gidan hayar da suka zauna Mai Lemo ake kiranta, alhali ko ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Guga take yi a wani shagon wanki na bakin titi, tana tsaye tun safe har la'asar tana miƙe kwalar rigunan mutanen da ba su san fuskarta ba. Sunan ya biyo ta ne saboda bishiyar lemon tsami da take yawo da ita a cikin rabin duro. Ɗansu na fari ne ya cusa ƙwayar a gwangwanin madara yana ɗan ƙarami, wai ya ga ko za ta tsiro. Ta tsiro, shi kuwa bai yi tsawon rai ba. Daga gwangwani aka koma bokiti, daga bokiti aka koma duro.

Mijinta direban motar kwasar kaya ne. Ya kwashe kayan rabin gari, nasa kuwa ya kwasa har ya daina lissafi: yau an ƙara kuɗin haya, gobe ɗan mai gida ya girma yana son ɗakin. Kullum duron ne ƙarshen hawa mota, shi ne farkon sauka, ita kuma a baya take zama ta rungume shi ƙaya na sukar hannunta. Direba yakan tsokane ta cewa firiji ya fi wannan lemo mutunci, don shi ko nauyi gare shi ba ya yaƙushi. Duk da wannan baki nasa, bai taɓa barin wani ya kama duron ba sai shi.

Da hukumar birni ta fito da rancen sayen gida don masu ƙaramin ƙarfi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, Mai Lemo ta ce zancen rediyo ne. Direba bai yi musu da ita ba, ya dai yi ta sintiri a ofishin har mai gadi ya san tarinsa. Ranar da ya ajiye mata makulli a kan teburin guga, sai da ta kusa ƙona rigar mutane. Gidan ɗaki biyu ne da falo a ƙarshen wani layi, da ɗan fili a baya wanda tabarma biyu za su rufe.

Tun ba a ɗaura labule ba direba ya ari shebur ya haƙa rami a filin, don ya daɗe yana ganin lemon na ramewa. Duron ya yi masa kaɗan, ganye na rawaya yana zuba, rabonsa da fure har an manta. Ta zo ta tsaya a bakin ramin, ta ce ba a dasawa.

“Baban yara, gidan da ba a gama biya ba ai aro ne. Ranar da aka ce mu fita, bango zan iya bari, ban da lemon nan.”

Ya so ya ce mata haka lemon zai mutu a hannunta, amma ya dubi fuskarta ya haɗiye. Wanda aka sha kora ba a koya masa tsoro. Ya ja duron gefe a kan ƙasa, ya mayar da shebur, zuciyarsa ba daɗi. Damina ta zo ta cike ramin da kanta.

Bayan damina ta biyu lemon ya yi kore shar, har da fure. Mai Lemo ta ce iskar unguwar ce ta karɓe shi. Ana cikin wannan murna ciwon baya ya kama direba, ya kwanta makonni, biyan wata guda ya wuce su. Da ya samu sauƙi ya lallaɓa ofishin, aka ce masa ba a korar mutum a kan wannan, za a mayar da watan zuwa ƙarshe. Ya dawo da albishir, ya tarar har ta fara tara kwalaye daga shago. Ta ce ta sha jin irin wannan daɗin baki daga masu gidaje, a dai matso mata da duron kusa da ƙofa, in kora ta zo ba sai an yi ta neman hannu ba.

Don a zauna lafiya ya ɗaura ɗamara, ya kama bakin duron yadda ya saba. Duro ya ce ban san zance ba. Ya sake gwadawa, ko gezau. Sai ya durƙusa ya tone gindin da hannu. Ashe tsatsa ta cinye ƙasan duron tuntuni, saiwa mai kaurin babban yatsa ta bi ta ɓular ta nutse, ga wasu ƙanana sun bi bayanta.

Ya kira ta ta gani. Ya gaya mata gaskiya: in ana son duron ya tashi sai an datse saiwar, kuma ba ya jin lemon zai kai labari bayan haka. Ya ɗauko zarto daga mota ya ajiye a tsakaninsu.

Mai Lemo ta durƙusa da ƙyar, irin durƙuson wadda ta ƙarar da gwiwoyinta a tsaye. Ta sa hannu ta bi saiwar har inda ta shige ƙasa, ta daɗe a haka. Direba ya kau da kai, don tausayinta ya cika masa ido.

“Duron za ka yanka,” in ji ta. “Bi a hankali, baban yara. Yaron nan ya gaji da hawa mota.”