Wasa Uku a Kan Benci

Shekara shida na yi ina yi wa 'yan wasan hoki tausa a wata ƙungiya a Madina. Hoki dai ƙwallo ce ƙarama da ake kora da sanda mai lanƙwasa, mutum a duƙe kamar mai shara, don haka cinya da baya su ke shan wuya. Ni ba likita ba ne. Daga Sudan na zo, abin da na iya hannu ne, sai kuma ido.

A shekarata ta huɗu aka ɗauko mana sabon ɗan wasa daga unguwar Bani Harisa, ɗan shekara sha tara, jikan mutanenmu da suka zo hajji suka zauna. Gudu gare shi ba a magana. Koci, wani mutumin Pakistan mai saurin hawa, ya ƙi cire shi ko na minti ɗaya. Ga shi an ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallon wasanmu na ƙarshe, yaron kuwa ba shi da wani buri sai su rubuta sunansa.

Duk sanda na tambaye shi jikinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ma fi shai, ya ammi," wai babu komai, baffa. Haka aka rene su, yaro ba ya kai wa babba kukan ciwo. A sallar la'asar na kama shi. Ina bayansa a sahu, da aka zauna tahiya na ga ya karkace, ya kasa ɗora nauyinsa a ƙafar hagu. Allah ya gafarta mini, rabin tahiyata kallon cinyarsa na yi. Da aka sallame na danna wurin, sai da ya ciji leɓe.

Na ce wa koci ko dai a hutar da shi wasa uku, ko jijiyar ta tsinke. Ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ya ce to, amma a wuyana.

Kwana biyu sai ga mahaifin yaron a ɗakina a Aziziyya, ko zama bai yi ba.

"Malam, kai ne ka zaunar min da walad, ɗan nawa? Wani ya gaje gurbinsa, khalas, shi ke nan?"

Na ce, "Alhaji, kai fa ka yi aikin dabino a Awali. Ƙaramin dabino in ya fidda 'ya'yan fari, ana barinsu?"

Ya san ba a bari, yankewa ake don gindin ya yi ƙarfi. Amma ya fita ya bar min shayin da na zuba masa.

Cikin wasa ukun nan aka ci mu biyu. Wanda ya maye gurbinsa har ƙwallo ya ci. Yaron yana gaishe ni, amma ba ya kallona. Gaskiya na tsorata. Kullum ina tausa cinyar nan ina tunanin ko na kashe wa ɗan mutane rabo.

Ranar ƙarshe aka sa shi. Rana ta yi zafi, kafin kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasan, kowa ya galabaita, sanda ta yi wa kowa nauyi. Shi kuwa kamar lokacin ya shigo. Ya yanke mutum uku ya ci, ba a jima ba ya ƙara. Ni da furfurata na ruga cikin fili da bokitin ƙanƙara ina ihu, sai da alƙalin wasa ya koro ni. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban ji kunya ba.

Masu zaɓe suka rubuta sunansa muna tsaye. Alhaji ya sauko daga wurin 'yan kallo, ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya juya ga ɗansa ya ce, "Daga yau, in baffanka ya ce ka zauna, ka zauna."