Inda Goggo Atu Ke Sauke Tulu

Goggo Atu, Allah Ya jiƙanta, daddawa take yi a unguwar gabas ta Jabo, kuma mai daddawa ba ta rabuwa da tulu, don kalwa akwai cin ruwa. Ba ta da yawan magana. Sai dai in ta ga abu ya karkace, ba ta iya wucewa.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka turo wani ma'aikaci daga Sakkwato, Malam Maccido, da takardar tambayoyi. Rijiyar siminti ɗaya za a gina a garin, unguwar da ta fi matsuwa ita za ta samu. Ya bi zaure zaure yana tambayar magidanta ko ruwa na yi musu nisa.

To, wane magidanci zai dubi baƙo ya ce unguwarsu ta gaza? Kowa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan kusa." Malam ya rubuta kusa har gida goma sha huɗu.

Atu ta ji labarin a bakin ƙanenta Ɗangiwa, yana ma alfahari bai kunyata unguwa ba.

"Kai Ɗangiwa, yaushe rabonka da fadama?" in ji ta. "Ruwan alwallarka daga sama shika zuba?"

"Haba Yaya, baƙo na fa!"

Da hantsi ta tare Malam Maccido yana ɗaure takardunsa a keke.

"Ɗana, mu da munka san hanyar ba a tambaye mu ba. Aje keken ga, ka raka ni."

Kunyar furfura ta sa ya bi ta har fadama, inda suke ɗebo ruwa. A dawowa ta sauke tulu gindin giginya, ta sake saukewa bakin wata gona, sannan gindin tsamiya.

"Ga awonmu," ta ce tana haki. "Ni sau ukku nika saukewa. Mai ciki, biyar."

Ya ce ta kawo ya taya ta. Kafin su iso ƙofar gida rigarsa ta jiƙe sharkaf, rabi gumi rabi ruwa.

Bai tafi ranar ba. Ya sake bin gidajen, yana tsayawa bayan danga, Atu na shiga tana kai wa mata tambayar: sau nawa kike sauke tulu?

Kafin damina aka gina rijiyar a unguwar gabas. Atu ta aika masa da daddawa ƙunshi guda. Har ta rasu, in ta ja guga sai an ji ta sa masa albarka.